Yadda za ku karrama ɗan kasuwa ko kamfanin da ya yi wa unguwa aiki, ba tare da kun zama 'yan sayar da awad ba

Jama'a tunda na sa hotunan bikin karramawar da ƙungiyar unguwarmu ta yi mutane suke ta min magana ta WhatsApp, wai ya muka tsara abun, su ma suna son yi a nasu garin. Toh na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya, bari kawai in zuba shi a nan gaba ɗaya, wanda zai ɗauka ya ɗauka. Ni dai sakatare ne na ƙungiyar ci gaban unguwa a nan Kano, ba wani ƙwararre ba, abun da na sani a kan hanya na koya, wani ma sai da muka sha kunya tukunna.

Kafin komai ku zauna ku tambayi kanku tsakani da Allah, me ya sa za ku yi? Dan wallahi abun nan ya lalace a ƙasar nan. Yara uku za su haɗu su buga takarda mai tambari, su je a yanko musu gilashi a rubuta "gwarzon shekara", su ɗauka su kai ofishin mai kuɗi, a yi hoto, ya miƙo ambulan, shikenan an tashi. Gobe su kai wa wani irin shi sak, sunan kawai za a canza. Wannan maula ce da babbar riga, kuma su kansu masu kuɗin sun gane, shi ya sa da ka ce awad sai kaga mutum ya fara kallon agogo. In kuɗi kuke nema wa ƙungiya ku fito fili ku yi gidauniya, ba laifi ba ne, amma kar ku haɗa ta da karramawa a rana ɗaya. Mu dokarmu ta farko da muka rubuta a littafin mitin ita ce duk wanda za mu karrama ba za mu karɓi ko sisinsa ba a kan bikin, ko da kuɗin piya wata ne. An yi rigima a kan wannan sosai, ma'ajinmu har cewa ya yi mun cika iyayi, amma daga baya shi ne ya fi kowa kare dokar.

Wani zai ce ai aikin alheri ɓoye shi ake yi, meye na taro da lasifika. Maganar tana da tushe, ayar Baƙara ta 271 ta ce in kun bayyana sadaka madalla, in kun ɓoye kun ba talakawa shi ya fi muku alheri. Amma ɓoyewar nan a kan mai bayarwa take. Mu da aka yi wa, namu godiya ne, kuma hadisi ya zo cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sannan yaba kyauta tukwici, in aka yaba wa mai kemis ɗin da yake ɗaga wa marasa lafiya ƙafa, na kusa da shi ma zai ji a jikinsa. Sai dai ku kiyaye, ku fara tambayar mutum ko yana so. Akwai wani dattijo mai shagon hatsi da muka je wa, shekara da shekaru duk azumi yana aika buhunan gero gidajen marayu cikin dare, muka ce Baba Alhaji mun zo ne kan za mu karrama ka, ya ɗago ya kalle mu ya ce "yarana wa ya gaya muku? Dan Allah ku rufa min asiri kar ku ƙona min lada." Haka muka tashi sumui sumui. Irin wannan ku bar shi, ku sa shi a addu'a ranar taro ba tare da ambaton suna ba, ya wadatar.

Sai kwamiti. Kar ya wuce mutum biyar ko bakwai, in suka yi yawa surutu ne kawai. Ku sa malamin makaranta guda, ma'aikacin lafiya, matashi, dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa, kuma dan Allah ku sa mace aƙalla biyu, dan matan su suka san wa yake taimako da gaske, su suke zuwa asibiti da yara, su suke neman ruwa, su suka san mai injin niƙan da baya karɓar kuɗin bazawara mai marayu. Duk wanda yayansa ko surukinsa ko ubangidansa na kasuwa yake cikin waɗanda ake dubawa, ya fita waje lokacin da ake maganarsa. Kansila da ɗan takara kuwa ku gayyace su su zo su zauna a kujerar gaba su sha lemo, amma ba a kwamiti ba, in ba haka ba wallahi kafin ku farga abun ya koma na jam'iyya.

In ƙungiyarku ba ta da rajista ku yi ƙoƙari ku yi da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, akwai ɓangaren amintattu da ake yi wa ƙungiyoyi a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da shi ne za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba na ciyaman ba. Babban kamfani baya ma karanta wasiƙar da ba ta da lambar rajista. Su ma kamfanonin za ku iya duba sunansu a shafin hukumar ku gani ko da gaske akwai su.

Yanzu ga inda aikin yake, wato rarrabe abun da kamfani ya yi dan kansa da wanda dole ce ta sa shi. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. A Najeriya babu wata doka guda da ta ce kowane kamfani sai ya ware kaza ya yi wa al'umma aiki, ba kamar Indiya ba da tun 2013 dokarsu ta ɗora wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a irin wannan hidima. Amma mu ma akwai wuraren da doka ta yi magana. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisin haƙar ma'adinai ko fasa dutse sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, saboda haka in kamfanin fasa dutse ya gina muku aji biyu, ku nemi takardar yarjejeniyar ku karanta, watakila aji shida aka rubuta da asibiti, kaga kenan bashi ake binsa, ba tafi ya kamata a yi masa ba. Dokar man fetur ta 2021 ita ma ta ce kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta wuce a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu, 'yan'uwanmu na wajen Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe ya kamata su riƙe wannan da kyau. An kuma yi tsarin da Buhari ya sa wa hannu a 2019 na kamfani ya gina titi a cire masa kuɗin daga harajinsa, irin titin kankare na Obajana zuwa Kabba a Kogi da Dangote ya yi. Aiki ne mai kyau, mutane na morarsa, amma kuɗin haraji ne aka juya, ba kyauta ba ce. Haka zakka, in attajiri ya fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa haƙƙin Allah ya sauke, ba a ba mutum lambar yabo dan ya yi sallar azahar.

Abun da za ku nema shi ne wanda ya wuce wajibi. Misalin da kowa ya sani, ginin makarantar koyon kasuwanci da gidauniyar Dangote ta yi wa BUK aka buɗe a 2018, da ɗakunan kwanan ɗalibai da ta gina a ABU Zariya, ko shirin ASR Africa da Abdussamad Rabiu na BUA ya kafa a 2021 yana tallafa wa jami'o'i da asibitoci. Amma fa ku ji ni da kyau, waɗannan manyan suna da inda ake karrama su, a Legas akwai bikin SERAS da ake yi tun 2007 dan irin wannan, ga jami'o'i na ba su digirin girmamawa, gilashinku ba zai ƙara musu komai ba, in ma kun kai a hannun wani yaron ofis zai ƙare. Ku ku duba ƙasa. Mai gidan biredin da yake ba makarantar allo biredi duk Juma'a, mai gidan ruwan leda da ya fito da famfo waje mutane na ɗiba kyauta, telan da ya yaye yara ashirin kowa ya ba shi keke, mai gidan man da ya gyara kwalbatin bakin titi, Hajiyar da take saida atamfa a Kantin Kwari tana biya wa 'yan mata kuɗin jarrabawar NECO. Su waɗannan ba wanda ya taɓa ce musu sannu a bainar jama'a, kuma su ne karramawar take shiga ransu. Shi ya sa ku raba rukuni, manya daban, matsakaita daban, masu ƙaramin jari daban, kar ku ɗora mai shayi da mai masana'anta a sikeli ɗaya. Kuma rukunin kar ya wuce huɗu ko biyar, in kowa ya samu to ba wanda ya samu.

Wajen karɓar sunaye kar ku ce kamfani ya kawo kansa, jama'a su za su kawo. Mu ƙaramin fom muka buga, tambaya huɗu kacal: wa kake ba da sunansa, me ya yi, a ina, wa zai shaida. Muka ajiye a wajen mai unguwa da masallacin Juma'a da islamiyyar matan aure da kemis biyu, liman ya yi sanarwa, wanda baya rubutu ya turo saƙon murya. Sati uku muka bayar. Kar ku yi zaɓen nan na Facebook na wanda ya fi samun laik, yaran shago za a saya wa data su kwana suna dannawa.

Daga nan sai tattaki, kuma in kun tsallake wannan to ku fasa bikin kawai. Bari in ba ku labarin kunyar da muka sha a shekararmu ta farko. Wani kamfani, ba zan kama suna ba, ya haƙa bohol mai sola a bayan makarantar firamare, an yi fenti, an kafa allo ƙato mai tambarinsu wanda ya kusa fin tankin girma, hotuna suka zagaya ko'ina. Mu kuma da ganin hoto muka sa su a na ɗaya. Ranar taro manajansu na tsaye yana karɓar allon karramawa ana tafi, sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ɗaga murya ta ce "ɗan nan, wane bohol ɗin? Wanda ko wata uku bai yi ba ya ƙafe?" Wuri ya yi tsit, ni da nake riƙe da makirfo ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na je da kaina, famfunan duk an kwance kawunansu, tankin ya tsage ta gindi, awaki na kwance a inuwarsa, yara kuma na can layin mai kura da jarkoki kamar yadda suke tun da. Ashe ba su haƙa ya kai ruwa sosai ba, kuma ba a damƙa wa kowa kula da shi ba, an yi hoto an watse.

Tun daga ranar muka sa ƙa'ida, aiki sai ya shekara yana amfani kafin ya shiga lissafi. Mutum biyu za su je ba tare da sanarwa ba, ba kuma a motar kamfanin ba. In ruwa ne ku murɗa famfon da hannunku, ku tambayi masu ɗiba ko ana karɓar kuɗi, in ya lalace wa ke gyarawa. In aji ne ku leƙa ku ga akwai benci, akwai malami, ko an mai da shi sito. In tallafin karatu ne ku nemi ɗalibai uku ku ji daga bakinsu, sau nawa aka biya, zango ɗaya ne aka yi aka ɗau hoto ko har yanzu ana yi. In magani aka ce an kai asibiti ku tambayi nas ɗin da ke duti ba shugaban wurin ba, kuma ku duba kwanan watan da ke jikin kwalin. Ku rubuta komai, ku ɗau hotonku na kanku.

Sai ɗaya ɓangaren da mutane basa son taɓawa, wato shi kamfanin ya yake a cikin gidansa. Mutum ne zai raba shinkafa da azumi a gaban kyamara amma leburorinsa wata uku ba albashi, ko yana biyansu abun da ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai kai ba. Ko masana'anta ta gina masallaci amma dagwalon ruwanta yana bi ta cikin unguwa, duk wanda ya san Sharaɗa da Challawa da Bompai ya san daɗewar da aka yi ana kuka da ruwan majemu da rini da ke gangarawa kogi. Ko ɗan kasuwa ya ɓoye kaya sai sun yi tsada ya fito da su, sannan ya yanka sa ya raba. Toh wannan an ba ka da dama an ƙwace da hagu. Ku samu ma'aikata biyu uku a waje, a wajen mai shayi ba a bakin get ba, ku ji ta bakinsu, kuma ku rufa musu asiri kar ku ja musu kora. Mai ruwan leda ko biredi ku duba lambar NAFDAC ɗinsa. Wanda ya faɗi a nan mu cire shi muke yi shiru, ba ma tona shi a taro, ba aikinmu ba ne, amma ba zai hau mumbarinmu ba.

Wajen ba da maki ba sai kun wahalar da kanku ba. Mu abu huɗu muke dubawa, mutum nawa abun ya amfana, ya daɗe yana yi ko yau ya fara, an tambayi mutane abun da suke buƙata ko kawai an yanke musu ne, sai kuma nauyin abun a kan ƙarfinsa, dan dubu hamsin ɗin mai kanti ta fi miliyan ɗin wani ciwo. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai a takarda kafin a tattauna, in ba haka ba duk abun da dattijon ya faɗa shi kowa zai bi saboda kunya.

Bikin kansa kar ku kashe kuɗi a banza. Filin makarantar firamare ya isa, rumfa biyu, kujerun haya, lasifika da janareta, ruwa da lemo, daga kuɗin wata wata na 'yan ƙungiya. Ku kai wa mai unguwa da dagaci takarda da wuri kuma da ƙafarku, in hakimi zai samu zuwa ko ya turo wakili toh abun ya yi armashi, ku sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri. Bayan la'asar ya fi, ranar Asabar ko Lahadi, a gama kafin magariba, kuma ku kauce wa lokacin kamfen ko ta halin ƙaƙa. Mai gabatarwa ku ja masa kunne, ba kirari ba tumasanci, ba "Alhajin Allah mai kujerar Makka goma". A faɗi aikin kawai, wuri kaza, shekara kaza, mutum kaza. Maroƙa za su zo ko ba a gayyace su ba, a sa mutum ɗaya ya lallaɓa su gefe, kuma a hana liƙi.

Abun da ya fi komai tasiri a wajenmu shi ne wanda ya amfana shi yake miƙa lambar, ba babban baƙo ba. Telan nan da na ambata, ɗaya daga cikin yaran da ya yaye ne ya fito, yanzu shi ma da shagonsa da yara huɗu a ƙarƙashinsa, ya karɓi makirfo ya ce "Oga, ranar da mahaifina ya rasu kai ka ce in zo shago gobe da safe," daga nan ya kasa ci gaba, shi ma ogan ya sa hular hannunsa ya rufe fuska. Ba wanda ya tuna da jawabin babban baƙo ranar. Amma ku kula, marayu da marasa lafiya da waɗanda aka biya wa bashi kar a fito da su ana nunawa, kar a sa hotonsu a intanet, talauci ba abun talla ba ne, wanda zai yi magana ya zama shi ya yarda da bakinsa.

Shi allon ko satifiket ɗin a rubuta aikin a jiki ƙarara da shekarar, misali "saboda famfon ruwa kyauta da ya tsayar a ƙofar gidan ruwansa", da Hausa, in da hali harda ajami dan dattawa. Ban da "gwarzon gwaraza" da "jakadan zaman lafiya na Afirka". Rubuta shekarar yana da amfani dan kar mutum ya rataye shi shekara goma yana cin albarkacin aikin da ya daɗe da mutuwa. Bayan taro ku kai labarin gidan rediyo, su Freedom da Rahama da Arewa duk suna da shirye shiryen al'umma, ku sa a shafinku da hoton aikin kansa ba hoton manya a kan kujera kawai ba. Ga ɗan kasuwa wannan ita ce ribarsa, mutane su ji su riƙa sayayya a wajensa.

Sannan kar washegari ku bi su da takardar roƙo, wallahi wannan shi yake zubar da mutuncin abun gaba ɗaya, mutum zai ce ashe tarko ne. Ku bari a kwana biyu. Abun da za ku yi shi ne bayan wata shida ku sake zagayawa ku ga aikin yana nan, ku karanta wa 'yan ƙungiya rahoto a mitin tare da lissafin abun da aka kashe a biki har kuɗin hayar kujera da rasit. Waɗanda basu samu ba a aika musu wasiƙar godiya, a gaya musu inda suka gaza cikin mutunci in sun tambaya. Kamfanin bohol ɗin nan ma mun rubuta musu, muka haɗa da hoton tankin da awakin, ba zagi ba komai, muka ce ga halin da aikinku yake ciki. Sun yi shiru kusan wata biyu, rannan sai ga mota da masu gyara, suka ƙara zurfin ramin suka canza tanki, mu kuma muka naɗa mutum uku masu kula da shi, kowane gida na ba da ɗan abun da ya samu duk wata na gyaran famfo, makullin yana hannun tsohuwar nan da ta yi magana ranar taro.